Katin da Ya Fi Tsufa

Shekara ashirin da shida Ma'auni ya yi yana yankan takarda a maɗaba'a, ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya karkace ba. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa sunan, saboda rular ƙarfen da ba ta rabuwa da aljihun rigarsa. Ko burodi aka miƙa masa sai ya ɗaga ya duba gefensa, ya ga ko mai yankan ya san aikinsa. Abu ɗaya ne ya gagare shi aunawa, shi ne abin da ya sami 'yarsa.

Auta ce ƙaramar 'ya'yansa uku, ita kaɗai mace, ita kaɗai ta rage a gida, yayyenta duk sun yi nisa wajen neman na kansu. Ta karanta aikin jinya, ta sami aiki a ɗakin yara na wani asibiti. Ranar da ta fara sa farar riga, Ma'auni ya ɗauke ta hoto a waya, ya yi mako guda yana nuna wa duk wanda ya shigo maɗaba'ar, har da waɗanda suka zo faɗa a kan an yi musu kuskuren rubutu. Wata goma sha ɗaya ta yi tana aikin. Rannan da rana tsaka aka tsince ta a ɗakin ajiye magani, zaune a ƙasa, ta haɗa kai da gwiwa tana kuka, an yi an yi ta tashi ta kasa. Ba zazzaɓi, ba rauni, an gwada jini an ce lafiya lau. Likita ya faɗi wani dogon suna, Ma'auni ya rubuta a bayan ambulan, da ya dawo gida ya kasa karanta rubutun kansa. Abin da ya fahimta dai, ciwon ba a jiki yake ba. Asibiti ya ba ta hutu. Wata huɗu ke nan tana ɗaki, labule a sake.

Akwai wata likita da take gani duk bayan mako biyu, wadda ba ta allura, hira kawai suke yi. Ita ce ta ba ta wani ɗan akwatin kwali mai kati arba'in a ciki, kowane kati da magana ɗaya a jikinsa. Kullum da safe Auta za ta zaro ɗaya, ta tsaya gaban madubi, ta karanta wa kanta sau uku a fili. Bangon da ke tsakanin ɗakinta da lungun da Ma'auni yake guga ba shi da kauri, don haka yana guge kwalar riga yana jin abin da 'yarsa take gaya wa kanta. Shi ya sa ma ya koma yin guga kowace safiya, mutumin da a da sau ɗaya yake yi a mako.

Wasu katunan ba su dame shi ba. "Na cancanci a kula da ni." To, wa ya ce ba ta cancanta ba? "Zan ja numfashi a hankali, ba tsere nake yi da kowa ba." Wannan ma ba laifi. Amma akwai guda ɗaya da in ya ji shi, ya san ranar ba za ta fito cin abinci ba. Muryarta takan yi ƙasa, tana rawa, ta ce, "Yau ba sai na yi ƙarfi ba." Sau uku, kowane ɗaya kamar ana ɗiga masa dalma a kunne.

Wata safiya ya kasa daurewa, ya sami matarsa a kicin tana tace shayi.

"Maman yara, kina jin abin da yarinyar nan take faɗa kuwa?"

"Ina da kunne ai."

"To wannan magani ne ko ƙarin ciwo? Mutum yana kwance, maimakon a ce masa tashi, sai a rubuta masa a kati wai ba sai ya tashi ba? Da haka ubana ya yi mini, da yanzu ina ƙarƙashin gado."

"Da kai ma kana gaya wa kanka haka ko sau ɗaya a wata, da hawan jininka ya sauka," in ji ta. "Jiya ta yi wanka ban yi magana ba. Shekaranjiya ta wanke kofinta da kanta. Kai ba ka ganin waɗannan, sai abin da ka jiyo ta bango. Ga kwalar riga ta uku ka ƙona."

"Rigata ce."

"Ni ke wankewa. Baban yara, ka ƙyale ta. Bari ba shegiya ba ce."

Ya koma wurin guga, amma ba don ya yarda ba.

Ran Talata wasiƙa ta zo daga asibiti. Hutun ya ƙare. Ana son Auta ta je ran Litinin da ƙarfe goma ta ga shugabar ma'aikatan jinya, ta faɗi ko za ta dawo. In ba a gan ta ba, za a ɗauka ta bar aikin, a ba wani gurbinta. Ma'auni ya karanta sau uku a tsaye, sannan ya ƙwanƙwasa mata. Ta buɗe ƙofa kaɗan, ta karɓa, ta karanta, ta ce, "To." Ta rufe. Washegari da safe ya ji katin nan ta bango, muryar ta fi ta kullum rawa. Ya tsaya da dutsen guga a hannu har zafinsa ya fara taɓa masa wuyan hannu. A ransa ya ce, saura kwana biyar, kuma abin da ake ɗura mata ke nan.

Ran Alhamis ce ranar ganin likitar hira. Uwa da 'ya suka fita da ƙarfe tara, ba za su dawo ba sai wajen biyu. Ma'auni ya ce zai ɗan makara, yana son ya gyara mariƙin ƙofar banɗaki. Da ya ji tafiyarsu ta yi nisa, ya ajiye sukudireba ya shiga ɗakin Auta.

Rabonsa da shiga ɗakin tun kafin ciwon. Farar rigar aikin tana rataye a ƙusa, an lulluɓe ta da tsohon zane don kada a gan ta. Fararen takalman suna ƙarƙashin gado, ɗaya ya kife. Akwatin yana gaban madubi. Ya buɗe, hannun ma'aikaci ya riga tunanin uba: ya murza kati ɗaya tsakanin yatsu ya san nauyinsa, ya zaro rula, santimita tara da shida, kusurwoyi a zagaye, baya fari fat. Aiki mai kyau, ya ce, duk da dai wuƙarsu tana son wasawa. Talatin da tara duk kusan sababbi ne. Na arba'in yana can ƙarshen akwatin, shi kaɗai, kamar an ware shi. Ya yi laushi kamar ƙyalle, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe, ga tabon shayi, gefensa ya tashi ya yi gashi-gashi. Shi ne katin. Ya juya bayansa ya ga zane-zanen fensir, 'yan gajerun layuka birjik. A wurin mai aikin ɗab'i, duk abin da ya hau farar takarda ba da umarni ba datti ne. Ya yi tsaki, ya sa katin a aljihu, ya hau babur.

A maɗaba'a injin yana ta bugu, warin tawada ya cika ko'ina. Dogo yana zaune gaban kwamfuta, ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur kamar tsani. Shi ke tsara duk rubutun da za a buga, kuma shekararsu goma sha biyar tare. Ma'auni ya ajiye masa katin.

"Irin wannan rubutun nake so, girma ɗaya, launi ɗaya. Kati ɗaya tak."

"Ɗaya? Walima za ka yi ka gayyaci kanka?" Dogo ya ɗaga katin da yatsa biyu kamar ya tsinto shi a kwata. "Wannan kuma daga bakin akuya ka ƙwato shi?"

"Kai dai rubuta. Ni mai ƙarfi ce. Yau zan tashi in koma aikina."

Dogo ya fara dannawa, sai ya tsaya ya juyo. Ya san labarin Auta, shi ne ma ya fara ganin hoton farar rigar.

"Ita ta aiko ka?"

"Sai an aiko uba?"

"To in ƙara 'in ji Baba' a ƙasa mana, tunda maganarka ce."

"Dogo, tsawonka bai kai nan ba. Buga mini."

Dogo ya ɗaga kafaɗa ya buga. Ma'auni ya ɗauki takardar ya nufi injin yanka. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: in dai akwai samfur a hannu, ba ya yarda da lambar da injin ya nuna. Sai ya ɗora samfurin a kan sabon aikin, ya daidaita gefe da gefe, ya sauke matsi, ya danna maɓallan biyu da hannuwa biyu, wuƙa ta sauko. Haka ya yi. Sai dai tsohon katin ya buɗe saboda yawan riƙo, gefensa ya zarce, wuƙar ta aske masa kamar milimita uku. Shi kuwa hannun Ma'auni ya saba, duk abin da wuƙa ta taɓa in ba aiki ba ne, buhun tarkace ne makomarsa. Bai ma san lokacin da ya jefa shi ba. Ya zagaye kusurwoyin sabon katin, ya hura masa iska, ya ɗaga shi a haske. Ko wanda ya buga na asalin ba zai bambance ba. Kafin ƙarfe ɗaya katin yana ƙarshen akwati, Ma'auni yana durƙushe gaban ƙofar banɗaki da sukudireba.

Juma'a ta zo, ya ji ta karanta na numfashi. Asabar ta karanta wani mai cewa ƙaramin taki ma tafiya ce, har ta fito ta zauna a falo minti ashirin, ta tambaye shi ko har yanzu Dogo yana cin gyaɗa a kan kwamfuta. Lahadi ta sauke zanen da ya rufe farar rigar, ta ba uwarta ta wanke. Ma'auni ya riƙa yawo a gida yana 'yar waƙa a hanci. Bai san ba ta ma kai hannu ƙarshen akwatin ba, don kwanakin sun zo mata da sauƙi. Shi a ganinsa aikinsa ne ya fara ci.

Ran Litinin tun ƙarfe bakwai ya kafa teburin guga, wannan karon farar rigarta yake gogewa. Ya kasa kunne. Shiru. Sai ya ji ƙarar katuna ana bincikawa da sauri, sai ƙarar an zazzage su a ƙasa, sai jan gado, sai buɗe durowa da rufewa. Uwar ta fito daga kicin da cokali a hannu.

"Auta, lafiya?"

"Mama, kin taɓa mini akwati?"

"Ni? Me zan yi da shi?"

Can aka turo wani abu ta ƙarƙashin ƙofa, ya zame a kan siminti ya tsaya dab da ƙafar Ma'auni. Sabon katin ne. Sai ƙarar makulli.

Uwar ta sunkuya ta ɗauka, ta karanta, ta kai shi hancinta. Ta dubi mijinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi da wannan kallon.

Ya matsa jikin ƙofar. "Auta. Uwar masu gida. Buɗe mu yi magana."

"Ina katina, Baba?"

"Ai ya tsufa ne, duk ya yage, na ga..."

"Warin tawadarku ne a jikin wannan. Kuma ba wanda yake magana haka sai kai. Ina nawa?"

"Don ke na yi. Yau ranar tashi ce, 'yata. Wancan kullum kwantar da ke yake yi."

Ya ji ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta jikin ƙofar. Da ta sake magana, muryar ba ta faɗa ba ce, ta gajiya ce.

"Ka ga layukan da ke bayansa?"

"Na ga wani zane-zanen fensir."

"Kowane layi rana ce. Ranar da na farka na ji da ma ban farka ba. In na karanta shi, sai in ce to, ba sai na yi ƙarfi ba, in dai kai yamma kawai. In na kai yamma sai in ja layi. Sittin da bakwai ne. In abin ya taso mini sai in ƙirga, in ce na wuce waɗannan, wannan ma zan wuce. Ƙarfi, ƙarfi, Baba. A asibiti kowa ƙarfi yake ce mini. Yaro ya mutu a hannuna, a ce yi ƙarfi, ga wani can yana jira. Na yi ta yi har ya ƙare. Wannan katin ne kaɗai bai taɓa neman komai a wurina ba."

Ma'auni ya ja da baya daga ƙofar. Ya dafa bango. Kalmar nan, da ma ban farka ba, ita ya yi ta maimaitawa a ransa. Wata huɗu yana guga a bayan bango, yana tsammanin ya san abin da ke faruwa a ɗakin, ashe ko bakin ƙofa bai kai ba. Garin gyaran gira ya tsokane ido.

"Katin yana ina?" in ji matarsa, a hankali.

Sai a lokacin hannunsa ya tuna abin da kansa bai riƙe ba. Buhun tarkace. Kuma ran Litinin da hantsi mai sayen tarkacen takarda yake zuwa da motarsa.

"Ki zauna a nan, kada ki matsa daga ƙofar nan," ya ce, ya fita ko hula bai ɗauka ba.

Ya tarar da motar a bakin maɗaba'a, an riga an loda buhu huɗu, saura biyu. Ya jefar da babur a gefe ya kama ƙofar motar.

"Sauke su!"

"Malam, lafiya? An auna an gama."

"Na ce sauke su. Akwai abina a ciki."

Dogo ya leƙo, ya ga fuskar abokinsa, ya ajiye ƙullin gyaɗarsa bai yi wasa ko ɗaya ba. Shi ya lallashi mai motar ya je ya sha shayi ya dawo. Suka ja buhunan zuwa bayan injin suka zazzage na farko. Tarkacen mako guda ne, siraran yankakkun takardu kamar gashin tsohuwa, dubu bisa dubu, da gutsattsarin kalanda da katin gayyata da fuskokin mutane an yanke su rabi. Ma'auni ya durƙusa ya cusa hannuwa. Gefen takarda ya fi reza, kafin su gama buhu na biyu yatsunsa duk sun tsattsage, yana barin jan tabo a kan farar takarda bai kula ba. Manaja ya fito daga ofis ya buɗe baki zai yi magana, Dogo ya girgiza masa kai, ya koma.

Agogon bango ya buga goma suna buhu na uku. Ma'auni ya ɗaga kai ya dube shi, ya ci gaba da tono. Abin mamaki, aikin asibitin da ya hana shi barci mako guda, yanzu ko a jikinsa. Ƙofar nan da aka kulle kawai yake gani.

"Da na sani ban buga maka ba," in ji Dogo.

"Ka gaya mini ai. Ni ne ban ji ba."

"Yaushe ka taɓa ji? Kai ko likita ya ce ka buɗe baki sai ka tambaye shi santimita nawa."

A buhu na biyar, can ƙasa, manne da wata takarda mai danƙo, Dogo ya hango tabon shayi. Ma'auni ya ɓamɓare shi a hankali kamar mai cire bandeji daga ciwo. Ya juya bayansa. Layukan suna nan, biyar-biyar a jere, wasu an danna fensir har ya kusa huda katin, wasu da ƙyar ake ganinsu. Ya ƙirga da bakinsa. Sittin da ɗaya. Ya sake ƙirgawa. Sittin da ɗaya. Jerin ƙarshe, layuka shida na kwanakin baya-bayan nan, yana jikin siririn da wuƙarsa ta aske. Ya dubi tulin tarkacen da ya kai masa gwiwa, ya sake cusa hannu.

Dogo ya riƙe masa kafaɗa. "Wannan kam ko shekara za ka yi ba za ka same shi ba. Tafi da abin da ka samu."

Sha ɗaya ta wuce ya isa gida. Matarsa tana nan zaune a kan kujera 'yar tsugune a bakin ƙofar, shayin da ta kawo ya huce a gefenta. Ta ce ta buga wa asibiti waya, shugabar ta ce tana ofis har ƙarfe huɗu, bayan nan ba ruwanta. Ma'auni ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya goge yatsunsa a wando don kada ya ɓata katin, ya tura shi ta ƙarƙashin ƙofa.

"Ga shi, Auta. Amma ba duka ba ne. Wuƙata ta ci shida. Na nema ban samu ba." Ya kifa goshinsa a jikin ƙofar. "Na shiga ɗakinki ba izini, na ɗauki abin da ba nawa ba, na yi miki ƙarya da aikin hannuna. Ba ni da abin cewa. Tsoro nake ji, shi ke nan. Tun ranar da aka kira ni daga asibiti tsoro nake ji, ban san inda zan ajiye shi ba."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango. Minti biyar, minti goma. Sai ya ji muryar ta bayan ƙofa, ƙasa-ƙasa, tana rawa. "Yau ba sai na yi ƙarfi ba." Sau uku. A karon farko ya saurara har ƙarshe bai cije haƙori ba.

Wajen ƙarfe biyu makulli ya juya. Ta fito sanye da doguwar riga ta gida, ba farar ba. Idanunta sun kumbura. Akwatin katunan yana cikin jakar da ta rataya, kansa ya leƙo. Ta ga yana kallonsa.

"Daga yau a jakata zai zauna," ta ce.

"Daidai ne."

"Zan je. Amma ba abin da kake so zan faɗa musu ba. Zan ce ban shirya ba, ina neman ƙarin wata biyu, kuma in na dawo ba ɗakin yara ba. In sun yarda, to. In ba su yarda ba, su ba wani."

Maganganu suka taso masa har baki: wahalar samun aiki, shekarun karatu, abin da zai gaya wa mutanen da ya nuna wa hoto. Ya ji idon matarsa a kansa. Ya mayar da su ciki ɗaya bayan ɗaya.

"In raka ki?"

Ta dubi yatsunsa da suka tsattsage. Ta koma ɗaki ta fito da auduga da filasta, ta kama hannunsa ta naɗe masa uku mafi muni, da sauri, da ƙwarewa, ba ta dubi fuskarsa ba.

"Ka raka ni. Amma ba magana a hanya."

Ba su yi magana ba. Ya tuƙa babur a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. A bakin ginin asibitin ta sauka, ta tsaya tana kallon ƙofar gilashin, hannunta a cikin jaka, ya san abin da take riƙe da shi. Ya ga numfashinta yana hawa yana sauka. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Auta, ki yi..."

Ta juyo. "In yi me, Baba?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi matakalar da ke gabanta.

"Ki yi hankali da matakala ta uku. Ta fi sauran tsawo, maginin bai auna ba."

Wani abu ya motsa a gefen bakinta, bai kai murmushi ba. Ta hau, ta ɗaga ƙafa sosai a ta ukun, ta tura ƙofar ta shige.

Ya sami benci a inuwa ya zauna. Bai san abin da za a ce mata a ciki ba, bai san ko gobe za ta fito cin abinci ba, bai san ranar da za ta sake barin akwatin a gaban madubi ba. Ƙirjinsa yana bugawa kamar injin maɗaba'a. Ya kai hannu aljihu neman rula, don ya sami abin riƙewa, sai ya ji wani abu mai kaifin gefe. Sabon katin ne, matarsa ta cusa masa bai sani ba. Ya karanta maganar kansa, ta yi masa nauyi a ido. Ya juya bayan, fari fat, ba ko ɗigo. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zaro guntun fensirin da yake alama da shi a wurin aiki, ya ɗora katin a gwiwa. Yamma ba ta yi ba tukuna, amma ya ja ɗan gajeren layi ɗaya da yatsun da aka naɗe da filasta. Layin ya karkace. Ya bar shi haka, ya ci gaba da kallon ƙofar gilashin.